Baƙon dole: Nauyin da kakanninmu suka ɗauka a zamanin Turawa

A zangon karatun da ya gabata an yi mana wata tambaya a jarrabawar Tarihi: a kawo dalilan da suka sa mazauna Amurka suka yi wa Ingila bore har suka ɓalle a 1776. Mu huɗu ne ’yan gida ɗaya a ajin, biyu daga Talata Mafara, ɗaya daga Bakura, ɗaya daga Maradun, kuma babu wanda bai cika takardarsa ba. Mun rubuta harajin takardu, mun rubuta harajin ganyen shayi, mun rubuta dokar da ta tilasta musu saukar da sojan Sarkin Ingila. Da muka fito muna zaune a teburin mai shayi, kowa na yabon kansa, sai ɗan Bakuran cikinmu ya ce, to mu da Turawan nan dai suka mulka shekara 57, wa ya saukar da sojansu a ƙasarmu, wa ya ciyar da su, wa ya ɗaukar musu kaya? Aka yi tsit. Mun haddace ranar da aka harbi mutane a Boston, amma ba mu san abin da aka nema a gidan kakanmu ba.

Abin ya tsaya mana a rai. Da aka yi hutu sai muka raba aiki, biyu su zauna da tsofaffi a gida, biyu su bi littattafai a laburare. Ga abin da muka haɗo.

Abin da aka koya mana a aji

A 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa. Ta yi nasara, amma ta fito da bashi har wuya, ga kuma soja kusan 10,000 da ta ƙudurta bari a Amurka. Majalisar Landan ta ga cewa tunda don tsaron mazauna can aka ajiye sojan, to su ɗauki wani kaso na nauyin. A 1765 ta yi dokar saukar da soja. Dokar ta ce majalisar kowane yanki ta tanadi bariki. In bariki ya cika a kai soja masaukan matafiya da gidajen giya da bargar dawakin haya, in nan ma ya cika a nemi gidajen da babu kowa a ciki da ɗakunan ajiya. Sannan a ba su itacen wuta da kyandir da shimfiɗa da gishiri da tukwanen girki da abin sha, duk daga aljihun jama’a.

Yawancinmu mun rubuta a jarrabawa cewa an cusa soja cikin ɗakunan kwanan mutane. Da muka koma ga abin da dokar ta ƙunsa sai muka ga ba haka ta ce ba, gidan da iyali ke zaune a ciki ba ya cikin lissafi. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne majalisar da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta ita ke yanke musu abin da za su kashe. Majalisar Niyok ta ƙi biya a 1766, Landan ta yi dokar dakatar da ita a shekarar da ta biyo baya. A 1768 aka jibge soja a Boston, ranar 5 ga Maris 1770 suka buɗe wa taron jama’a wuta, mutum biyar suka mutu. A 1774 aka sabunta dokar, aka ba gwamnoni ikon kama gine-ginen da babu kowa su zuba soja. Shekara biyu bayan nan takardar shelar ’yancin kai ta lissafa jibge soja cikin laifuffukan Sarki Joji na Uku. Abin bai bar zukatansu ba har 1791, lokacin da suka sa a tsarin mulkinsu cewa ba a saukar da soja a gidan mutum lokacin zaman lafiya sai da yardar maigidan.

Wannan nasu ke nan. Namu ya fara ne da ƙurar dawakai.

Ayarin 1903

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Daga nan rundunar Turawa, wadda Kanar Morland ke cikin jagororinta, ta nufo yamma. A kusa da Kwatarkwashi wani ɓangarenta ya gwabza da mayaƙan Kano da ke dawowa daga Sakkwato, aka kashe Waziri Ahmadu. Rundunar ta yada zango a Ƙaura Namoda, ta ratsa ƙasar Zamfara, ta haɗu a Shagari da wasu sojan da suka taso daga Argungu, ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. A nan littafin makaranta yake tsayawa. Amma a ɗan yi tunani. Ɗaruruwan sojoji ne, akasarinsu baƙar fata, Hausawa da Yarabawa, ga ɗaruruwan ’yan dako, ga dawakai, a tsakiyar rani ana shirin shiga bazara, babu mota babu jirgi. Gero da dawa da ciyawa da ruwan da suka sha ba daga Landan aka taho da su ba. Daga rumbuna da rijiyoyin garuruwan da ke kan hanya suka fito. Duk wanda ya buɗe taswira ya ga inda Maradun da Mafara da Bakura suke tsakanin Ƙaura da Sakkwato, ya san ba nesa da gida abin ya faru ba.

Mutanen lokacin suna da dalilin buɗe rumbu ba tare da musu ba. Shekara huɗu kafin nan, a 1899, wani ayarin Faransawa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ya ratsa arewacin ƙasar Hausa yana neman Tafkin Chadi. Garin da ya yi jinkirin kawo hatsi ko ’yan dako sai a cinna masa wuta. Sun auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, sannan suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ƙonni ba ta da nisa da Sakkwato, labari kuwa a kasuwa yake tafiya.

Bayan cin ƙasa sai wata masifar ta ɓullo. Rahotannin Gwamna Lugga na shekarun farko sun yi ta kokawa da wasu mutane da ke samun jar dara da wando irin na ma’aikatan gwamnati, su shiga ƙauye su ce Bature ya aiko su, a ba su masauki, a yanka musu, a haɗa musu kaya. Talaka ba ya da hanyar bambance na gaske da na ƙarya, kuma kuskure ɗaya na iya jawo wa gari bala’i, don haka sai ya bayar. Har gobe wanda ya yi yaudara da rigar da ba tasa ba sojan gona muke ce masa.

Haraji, da ƙauyen da ya ce a’a

Kwanaki kaɗan bayan cin Sakkwato, a wajen naɗa Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu, Lugga ya faɗa wa manyan gari ƙarara cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon sanya haraji, sun koma hannun Turawa tunda su suka ci ƙasa da yaƙi. Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, talakawa masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Yulin 1903 a Burmi ta ƙasar Gombe, ba Burmin da ke cikin sarautar Bakura ba, don mu ma da farko mun rikita su.

Kada a ɗauka kafin Turawa ba a biyan komai. Akwai zakka, akwai jangali, akwai kuɗin ƙasa a masarautu da dama, ga gaisuwar da garuruwan Zamfara ke aika wa Sakkwato. Yadda ake karɓa ne ya sauya. Dokar haraji ta 1906 ta dunƙule kuɗaɗen wuri ɗaya, aka fara rubuta sunan magidanta, aka tsayar da lokacin biya, aka raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da En’e. Sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi, sai sulalla. Wanda rumbunsa ke cike da gero amma ba ya da sulai, dole ya sayar da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ko ya noma auduga da gyaɗa, ko ya ɗauki sanda ya tafi cirani. Su kuwa hakimai, irin su Sarkin Mafara da Sarkin Burmi na Bakura da Sarkin Ƙaya na Maradun, waɗanda a lokacin duk suna ƙarƙashin En’en Sakkwato, rawanin kowannensu ya rataya ne ga cikar haraji.

Akwai inda aka ce a’a. Satiru ƙauye ne kimanin mil 14 daga Sakkwato, mazaunansa talakawa ne da malamai da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma sun yi kunnen ƙashi da haraji. A 1904 wani malaminsu ya yi da’awar Mahadi, aka kama shi, ya rasu a tsare. A farkon 1906 ɗansa Malam Isa, tare da wani makahon malami da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya gudo daga ƙasar da Faransa ke mulki bayan wani bore a can, suka sake ɗaga tuta. Ranar 14 ga Fabrairu Muƙaddashin Razdan Hillary ya tafi da sojan doki don ya kamo su. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanyu da baka, suka kashe Turawa uku da soja fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo da babbar runduna, tare da mahayan Sakkwato. An ƙiyasta mutum 2,000 aka kashe. Aka kwashe mata da yara aka rarraba, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la’anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makaho kuma aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato.

Mun daɗe muna muhawara a kan wannan. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ranar da Turawa suka fi kowace rana rauni a ƙasar nan, masu sarauta suka zaɓi tsayawa tare da su, domin boren Satiru bai bar su su ma a waje ba. Daga ranar Bature ya gane cewa muddin ya riƙe rawani, ba ya buƙatar ajiye soja a kowane gari.

Ranar da Bature ke tafe

Tsofaffinmu ba su ga 1903 ba, ba su ga Satiru ba. Abin da suka gani, ko iyayensu suka ba su labari, shi ne rangadi, kuma a nan ne hira ta yi daɗi.

Kakar ɗayanmu, a wani ƙauye na ƙasar Maradun, ta yi wayo ne a shekarun 1950. Da jikan nata ya kawo maganar sai ta yi dariya ta ce: “Kai maigida, ku da kun ka tashi cikin boko mi kun ka sani? Ranar da an ka ce Bature na tahe, ko kaza ba ta kwana lahiya.” Tun ana sauran kwanaki jakadan hakimi zai iso wurin dagaci, dagaci ya tara masu unguwa, masu unguwa su bi gida-gida. Maza su fita sharar hanya da cike ramuka. Wasu su tafi bariki, wato ɗakunan da aka gina wa Di’o a bayan gari, su sake jinka, su yi yaɓe, su kafa turakun dawakai. ’Yan mata su cika randuna, yara su yo itace da ciyawa. A tara ƙwai da kaji, a aika ruga a kawo madara. Ta ce kukun Bature yakan zuba ƙwan cikin ƙwaryar ruwa, wanda ya taso sama a mayar wa mai unguwa ya sake nemo wani. Su kuwa matan gida sun iya nasu. Da an ji ƙishin-ƙishin, sai a kwashe kajin da suka fi ƙiba a kife su da kwando a cikin rumbu, a bar ramammu suna yawo a tsakar gida.

Shi Bature a bariki yake kwana, shi kaɗai da fitilarsa da gidan sauronsa. Amma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai tafinta, akwai masinja, akwai kuku da boyi, akwai ’yan doka, ga wakilin Sarki da nasa yaran, ga hakimi da nasa. Waɗannan a cikin gari suke sauka, a zaurukan mutane, wani lokaci maigida ya bar wa baƙo turakarsa. Kowane gida a sa masa akushin tuwo dare da safe, a ba dokin baƙo dawa. To in ba wannan ne saukar da soja ba, mene ne? Abin da dokar 1765 ba ta kai ga yi wa mutanen Niyok ba, wato shigar da baƙo gidan da iyali ke ciki, a nan shi ne abin yau da kullum.

In an tashi tafiya sai a nemi ’yan dako. Akwatuna, gadon tafi-da-gidanka, tebur, kujera, har da bahon wanka, duk a ka, kowane kaya kimanin laba 60. A kai zango na gaba, a sauke, mutum ya juyo gida da ƙafarsa, ko da kuwa ranar ce ya shirya yin noman fari. A ƙa’ida ana biyan ladan dako da kuɗin kaji da ƙwai, kuma wani dattijo a Bakura ya ce mana shi bai zargi kowane Bature da ƙin biya ba. Kuɗin ne ke bi ta hannun tafinta, ya bi ta hannun masinja, ya bi ta hannun dagaci, kafin ya iso ga mai kaza ya zama labari.

Di’o sau nawa yake zuwa a shekara? Baƙon da ya fi yawan zuwa, ya kuma fi daɗewa, namu ne na gida. Da kaka malamin haraji da jakada da dogarai sukan sauka a gari har sai kuɗi sun cika. Wanda ya kasa biya, dogari ya tare a ƙofar gidansa, a ci da shi a sha da shi, har ya sayar da akuya ko tukunya ko zanen matarsa. In abin ya ƙi, a shanya shi a rana ko a yi masa gwale-gwale a gaban iyalinsa. Da damina kuma lokacin jangali ne, Fulani su yi ta kora shanu daji ko su tsallaka iyaka don kada a ƙirga. Jangali ba ƙaramar magana ba ce ko ga manya. Sardauna Ahmadu Bello kansa, lokacin da yake aikin En’e a Gusau, an tuhume shi a 1943 kan kuɗin jangali, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi.

A ganinmu babban bambancinmu da Amurkawa a nan yake. Su suna da doka a rubuce, mai lamba da kwanan wata, wadda za su nuna da yatsa su ce ba mu yarda ba. A nan kuwa al’adarmu aka hau. Mu ne masu cewa baƙonka annabinka, mu ne masu gayya, mu ne masu kai gaisuwa. Sai aka ɗauki waɗannan kyawawan abubuwa aka mayar da su dole. Wanda ya ƙi saukar da yaron hakimi, kafin a ce ya saɓa wa gwamnati an riga an ce marowaci ne mara mutunci, kuma maƙwabcinsa ne zai fara faɗa. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar rana ba ta busar da ita.

Diban gwamna

Sai kuma aikin da ke raba mutum da gida gaba ɗaya. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, da mutanen da sarakuna suka tara aka gina ta. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Hanyoyin mota da gadoji da gine-ginen En’e duk haka. A kan rubuta wa hakimi adadin mutanen da ake so, shi kuma ya raba wa dagatai. Sunan da talakawa suka sa wa abin ya ishe shi bayani: diban gwamna. Wa ake ɗiba? Ba ɗan dagaci ba, ba kuma wanda ke da abin ba mai unguwa ba.

A 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana aikin tilas, Najeriya ta yi dokarta a 1933, amma an bar ƙofar ayyukan gari a buɗe, kuma yaƙi na zuwa aka ture sauran. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa mutum kusan 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarmu aka kai su sanyin tsaunuka ba bargo ba isasshen abinci, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. A lokaci guda ana ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, ana kuma karɓar hatsi daga ƙauyuka a farashin gwamnati don ciyar da ma’aikatan kuza da soja. A cikin wannan hali aka yi yunwar da ake kira ’Yar Gusau, saboda yadda mutane suka yi ta tururuwa zuwa Gusau neman abin da za su ci. Kafin ita an yi Kakalaba a 1914, ita ma ba ta hana karɓar haraji ba.

A tsallaken iyaka abin ya fi muni. Aikin tilas na Faransa ya sa Hausawan Ƙonni da Maraɗi da yawa suka gudo wannan ɓangaren, kuma sai a 1946 aka soke shi.

To me ya hana mu yin namu 1776?

Malaminmu ya taɓa yin wannan tambaya a aji, wani ya ce tsoro ne. Ba mu yarda ba. Mutanen da suka tunkari bindiga mai ruwa da fartanya ba matsorata ba ne. Amurkawan da suka yi bore suna da majalisu nasu, da jaridu, da attajirai masu jiragen ruwa, da bindigogi a gidajensu, sannan daga 1778 Faransa ta shigar musu. Kada kuma a manta, su kansu ’yan cin ƙasa ne, suna kukan ’yanci alhali suna riƙe da bayi suna ƙwace ƙasar ’yan asalin wurin. Talakan Mafara ba ya da ko ɗaya daga waɗannan. Fuskar da yake gani a ƙofar gidansa ma ba ta Bature ba ce, ta dogari ce, mai jin yarensa, wanda suke sahu ɗaya a masallaci.

Don haka sai turjiyar ta bi wasu hanyoyi. A ɓoye kaji, a ɓoye shanu, a ɓoye saurayi a rumbu ranar ƙirga. Gari ya tashi cikin dare ya koma ƙasar wani hakimin. A tafi cirani. Wani bincike da masanin ƙasa Prothero ya rubuta ya nuna cewa a ranin 1952 zuwa 1953 an ƙirga sama da mutum 250,000 suna fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato neman kuɗi, akasarinsu ’yan lardin ne. Sai a ƙarshe abin ya samu bakin magana. A Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, a watan ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En’e garambawul. Malam Aminu Kano da mutanensa sun yi ta gaya wa talaka cewa noman gandun hakimi kyauta da ɗaukar kaya kyauta ba wajibinsa ba ne, kuma maganar ta samu masu saurare a garuruwan kasuwa da tasha irin su Gusau da Ƙaura. Da yawa sun sha ɗauri a kanta. Haraji da jangali kuwa sun ga tafiyar Bature suna nan daram. A jihohin Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka yi shelar soke su.

Mu ’yan wannan yanki muna da namu labarin na bayan ’yanci. An gina madatsar ruwa ta Bakolori tsakanin 1974 da 1978, ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban mutane, aka tashe su, manoma suka yi ta jiran diyya da gonakin da aka ce za a mayar musu. Da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980 aka turo ’yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, wasu masu bincike suka ce sun haura 380. Tsofaffin da muka zauna da su sun fi sakin baki a kan zamanin Di’o. Da an zo kan Bakolori sai murya ta yi ƙasa.

Akwai kuma abin da ba sai mun tambayi tsoho ba. Yau a ƙauyuka da dama na Zamfara, har da na ƙananan hukumominmu uku, ’yan bindiga ne ke yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin a yi girbi. Suna sa mutane su yi musu noma, su sa a dafa musu abinci. Wanda ya ƙi ya san sauran, wanda ya bayar kuma gobe a kira shi mai kai musu rahoto. Wasu daga cikin abokan karatunmu da kuɗin makarantarsu aka cika irin wannan kuɗi. Lokacin da dattijon nan na Bakura ke ba mu labarin jakada da akushin tuwo, ƙaramin jikansa da ke gefe ya ɗauka labarin bara ake yi.

Waɗanda suka ga rangadi da idonsu sun haura saba’in da biyar, kullum kuma raguwa suke yi. Takardun Di’o-Di’o suna nan a ma’ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, wasu a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, amma Di’o abin da ya gani daga ƙofar bariki ya rubuta. Abin da ya faru a cikin rumbu sai a bakin kaka, kuma wayar da ke hannun kowannenmu tana ɗaukar murya.

Kafin hutu ya ƙare mun koma wurin kakar nan mu huɗu. Ta sa aka kai mu wata gona a bayan gari da har yau ake kira Bariki, ko da yake babu komai a wurin sai tsamiya ɗaya da karan dawa. Da muka dawo muka ba ta labarin Amurka tun daga kyandir da gishiri har zuwa Boston. Ta saurara har ƙarshe tana ɓare gyaɗa, sannan ta ɗago ta ce: “To su ma sun ɓoye kajinsu?” Muka ce mata za mu duba.